ALAMAR KAYA DA MASU SOJAN GONA

Jama'a, kowa ya san yadda a ke aiken yaro kanti. Uwar gida ba ta faɗa masa sunan kamfani. Sai ta ce, "Je ka sayo mini sabulu mai makulli," ko kuwa "ashana mai tauraro." Yaro bai iya karatu ba, amma ya san hoto. Ya je ya nuna, a ba shi, ya dawo. To, wannan hoto, ko suna, ko zane da a ke bugawa a jikin abin sayarwa, shi a ke kira alamar kaya. Waɗansu su kan ce tambari.

Alama ba baƙon abu ba ce a ƙasarmu. Makiyayi ya kan tsaga kunnen saniyarsa. Mai raƙumi ya kan yi wa nasa lalas. Mata su kan ɗaura wa kaza tsumma don kada ta ɓace cikin kajin maƙwabta. Waɗannan alamu suna nuna mai dabba ne. Ita kuwa alamar kaya tana nuna hannun da kaya suka fito, don mai saye ya san abin da ya ba da kuɗinsa a kai.

AMFANIN ALAMA

Bari mu yi misali. A ce akwai wata mace a garinku mai yin sabulun wanki. Tana zuba mai isasshe, ba ta algus. Ta sa an buga mata takardar naɗi mai hoton jan zakara. Shekara biyar tana wannan sana'a. Tun ana saye a unguwa, har ya zama ranar kasuwa mutanen ƙauyuka suna zuwa suna cewa, "A ba mu mai zakara."

Ana nan sai wani mutum ya ga tana ciniki. Ya haɗa nasa sabulu, ya rage mai, ya cika soda. Ya sa aka buga masa takarda mai hoton jan zakara shi ma, sai dai nasa zakaran ya juya hagu. Ya karya kuɗi. Mutane suka yi ta saye, suna tsammani nata ne. Sabulu ya ci musu hannu, ya koɗar musu da tufafi. Sai magana ta bazu, "Ai mai zakara ya lalace."

Kun ga mutum biyu aka cuta. An cuci mai saye, don ya biya kuɗin abu mai kyau an ba shi marar kyau. An cuci mai sana'a sau biyu: an janye mata ciniki, an kuma ɓata mata sunan da ta yi shekara biyar tana ginawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Addini ya hana irin wannan ha'inci, dokar ƙasa kuma ta hana. Abin da ya kamata mu sani shi ne yadda doka ta ke ƙwatar wa mutum hakkinsa.

GONA MAI TAKARDA DA MARAR TAKARDA

Ku tuna da rigimar gona. Idan wani ya shiga gonarka, kana da takarda mai hatimin hukuma, magana ba ta tsawo. Ka miƙa takarda, a duba iyaka, a ce da shi ya fita. Idan kuwa ba ka da takarda, ba a ce gona ba taka ba ce, amma sai ka nemo dattawa da maƙwabtan gona su shaida kai ke nomanta tun shekara kaza. Wani shaidar ya rasu, wani ya yi ƙaura, wani ya manta. Mai yiwuwa ne ka ci shari'a, amma sai ka sha wuya.

Haka alamar kaya ta ke. Akwai wadda aka yi wa rajista, watau aka rubuta ta a littafin Gwamnati aka ba mai ita takardar shaida. Akwai kuma wadda ba a yi wa ba. Doka ba ta tilasta wa kowa yin rajista ba, kuma tana kāre duka biyun. Amma hanyar da kowanne zai bi daban ce.

YADDA A KE YIN RAJISTA

A Nijeriya akwai Dokar Alamun Kaya ta 1965, wadda ta fara aiki a 1967. Ofishin rajista yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Ba lalle sai ka je da ƙafarka ba. Akwai lauyoyi da wakilai da aka yarda da su, su kan aika da takardu ta intanet. Ga yadda abin ya ke tafiya:

Da farko a binciki littafi, a ga ko wani ya riga ka ɗaukar wannan alama ko mai kama da ita.

Na biyu a cika takardar nema, a manna hoton alamar, a faɗi irin kayan da za a sa ta a kai, a biya kuɗin hukuma. An kasa kaya da ayyuka kashi 45. Sabulu yana kashi na 3, magani na 5, man gyaɗa na 29, burodi da alewa na 30. Kashin da ka nema a cikinsa za a rubuta ka.

Na uku ma'aikata su duba alamar. Idan ba ta da aibi, a ba ka takardar karɓa. Ku lura da kyau, wannan takarda ba ita ce rajista ba tukuna.

Na huɗu a buga alamar cikin mujallar ofishin don duniya ta gani. Wannan kamar shela ce. Duk wanda ya ga za a taɓa hakkinsa yana da wata 2 ya kai kuka.

Na biyar, idan ba wanda ya yi magana, ko ya yi an ga ba shi da gaskiya, sai a ba ka takardar shaida. Ana lissafin rajistarka tun daga ranar da ka shigar da takardar nema. Tana ɗaukar shekara 7. Sa'an nan ka sabunta, kowane sabuntawa shekara 14. Muddin kana sabuntawa alama taka ce, har 'ya'yanka su gada. Kana iya sayar da ita kamar yadda a ke sayar da gona.

Ba kowace alama a ke karɓa ba. Ba za ka ɗauki kalmar "sabulu" ko "mai kumfa" ka ce taka ce kai kaɗai ba, don duk mai wannan sana'a yana bukatarsu. Ba a karɓar alamar da za ta ruɗi mutane, ko ta batsa, ko tutar ƙasa, ko tambarin Gwamnati. Ba a kuma karɓar wadda ta yi kama ƙwarai da ta wani da aka riga aka rubuta a kan kaya iri ɗaya.

Akwai kuskuren da mutane da yawa su ke yi. Mutum ya yi rajistar sunan kantinsa ko kamfaninsa a hukumar rajistar kamfanoni, sai ya zaci alamar kayansa ma ta shiga. Wani kuma ya sami lambar hukumar NAFDAC a kan abinci ko ruwan leda, ya zaci ta wadatar. A'a. Kowanne ofishinsa daban, amfaninsa daban. Rajistar alama sai an nema ta musamman.

ABIN DA RAJISTA TA KE BA KA

Idan kana da takardar shaida, kai kaɗai ke da ikon sa wannan alama a kan irin kayan da aka rubuta maka, ko'ina cikin Nijeriya, har garuruwan da kayanka ba su taɓa zuwa ba. Duk wanda ya sa irinta, ko wadda ta yi kama da ita har ta iya ruɗin mai saye, ya shiga gonarka. Sai ka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya. Ba sai ka tara shaidu su ce an san ka a kasuwa ba. Ka nuna takarda, ka ajiye kayanka kusa da nasa, alƙali ya duba.

Kuma ba ido kaɗai a ke dubawa da shi ba, har da kunne. A 1968 Kotun Ƙoli ta yanke wata shari'a a kan maganin yara. Akwai magani mai rajista mai suna Castoria. Wani kantin magani ya nemi a yi wa nasa rajista da suna Casorina. Masu Castoria suka ƙi yarda. Kotu ta ba su gaskiya, ta ce sunayen nan biyu sun yi kusa da juna a wajen faɗi. Ku gwada faɗinsu da sauri, kamar kuna cikin hayaniyar kasuwa, za ku ji dalili.

WANDA BAI YI RAJISTA BA FA?

Mu koma wajen mai sabulun nan. A ce ba ta taɓa jin labarin ofishin Abuja ba. Ta rasa ke nan? A'a. Dokar 1965 ta ce wanda bai yi rajista ba ba shi da ikon yin ƙara irin ta mai rajista. Amma ta bar masa wata ƙofa a buɗe, ita ce ƙarar sojan gona. Ma'anarta, ba wanda ya ke da ikon sayar da kayansa da sunan na wani ne. Wannan ƙa'ida daga shari'ar Ingila muka samo ta, kotunanmu kuwa sun daɗe suna aiki da ita.

Sai dai a nan nauyi yana kan mai ƙara. Abu uku za ta tabbatar wa alƙali.

Ɗaya, cewa an san ta da wannan alama. Watau idan mutane suka ga jan zakara a jikin sabulu, ita su ke tunawa. A nan za ta kawo 'yan kasuwa da masu saye su shaida. Za ta kawo rasit na mai buga takarda, da littafin ciniki, don a ga tun yaushe ta fara, kuma nawa ta ke sayarwa.

Biyu, cewa abin da wancan ya yi zai sa mai saye ya ɗauki nasa a kan nata ne. Ba masani mai tabarau a ke aunawa da shi ba. Mutum a ke aunawa da shi irin wanda ya saba sayen wannan kaya, wanda ba ya tafe da na ainihi a aljihu don ya gwada. Ko wancan ya rantse bai yi da niyya ba, wannan ba ya kuɓutar da shi, in dai ruɗin zai auku.

Uku, cewa ta yi hasara, ko hasara na tafe: ciniki ya ragu, ko suna ya ɓaci.

Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, ƙara ta faɗi. Kun ga bambancin gona mai takarda da marar takarda.

WAƊANDA SUKA CI IRIN WANNAN SHARI'A

Kada ku zaci zance ne na baka. An yi an gani.

A 1959 a Ikko, watau Legas, masu burodin De Facto suka yi ƙarar masu wani burodi mai suna Odus. Sunayen ba su yi kama ba ko kaɗan. Amma masu De Facto sun saba naɗe burodinsu cikin takarda mai launin rawaya da ruwan ƙasa, da manyan haruffa masu lanƙwasa. Sai ga na Odus cikin takarda mai irin wannan launi da irin wannan rubutu. Kotu ta hana su.

A 1961 aka yi ta masu kantin magani. Wani kamfani ya daɗe yana ciniki da suna Niger Chemists, yana da kanti a Anacha. Sai waɗansu suka buɗe nasu a kan titi ɗaya, suka sa masa Nigeria Chemists. Haruffa biyu ne kaɗai suka raba su. Kotu ta ce mutane za su ruɗe, ta hana su amfani da sunan.

A 1972 kuma a Kano aka yi ta minti. Masu mintin Trebor suka yi ƙarar masu wani minti mai suna Minta Supermint. Alƙali ya duba, ya ga tun daga kwali, da takardar naɗi, har ƙwayar mintin kanta, an yi ƙoƙari a kamanta su da na Trebor iyakar iyawa. Ya ce wannan sojan gona ne.

Abin lura a nan, ba suna kaɗai a ke sata ba. Ana satar launi, da siffar kwali, da yadda aka tsara rubutu. Mai kwaikwayo ya san yawancin masu saye ba karantawa su ke yi ba, kallo su ke yi. Amma kama da wane ba wane ba ne.

ABIN DA KOTU TA KAN YI

Ko mai rajista ne ya ci shari'a, ko marar rajista, kotu tana iya ba da umurni mai kwaikwayo ya daina nan take. In ya ƙi, ya raina kotu, ana iya ɗaure shi. Tana iya sa shi ya biya diyyar hasarar da ya jawo, ko ya fito da ribar da ya ci da sunan wani. Tana iya sa a miƙa kwalaye da takardun jabu a lalata su. Wani lokaci tun ba a gama shari'a ba a kan dakatar da shi, don kada ɓarna ta yi yawa. Ban da wannan kuma, buga alamar wani ta jabu laifi ne da hukuma ta ke kama mutum a kansa, a ci shi tara ko a ɗaure shi.

RAJISTA MA TANA DA IYAKA

Kada mai takarda ya zaci ya gama. Akwai abubuwa huɗu da zai kiyaye.

Na farko, abin da ka rubuta shi ne naka. A 2004 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar takalmin birkin mota tsakanin kamfanin Ferodo da kamfanin Ibeto. Masu Ferodo suka ce kwalin Ibeto, mai suna Union, ya yi kama da nasu mai launin ja da baƙi da fari. Kotu ta ce abin da rajistarsu ta kāre shi ne sunan Ferodo, launukan kwali ado ne kawai, sunan Union kuwa bai yi kama da Ferodo ba. Ba su yi nasara ba. A 2023 an gyara doka, ta ambaci siffar kaya da irin naɗinsu da haɗin launi cikin abin da a ke iya yi wa rajista, ta kuma shigar da alamun masu aikin hidima, kamar masu sufuri da masu masauki. Saboda haka in launi da kwali su ne mutane suka san ka da su, ka tabbata sun shiga cikin abin da ka nema.

Na biyu, alama ba a ajiye ta a akwati. In ta shekara 5 a jere ba a aiki da ita, wani yana iya neman a soke ta.

Na uku, takarda ba ta korar wanda ya riga ka. Idan wani ya fara aiki da alama tun kafin ka fara, kuma tun kafin rajistarka, bai kuwa daina ba, ba ka da ikon hana shi. Wannan ma dalili ne na adana tsofaffin rasit.

Na huɗu, rajistar Nijeriya ba ta ƙetare iyaka. Mai kai kaya Maraɗi ko Damagaram ya sani, Nijar da Kamaru da Cadi suna cikin ƙasashe 17 da suka haɗa ofishi ɗaya mai suna OAPI a Yawunde. Rajista ɗaya a can ta game dukansu, tana ɗaukar shekara 10, ana kuma sabuntawa. Nijeriya ba ta cikinsu.

GARGAƊI GA MAI SANA'A DA MAI SAYE

Kai mai sana'a, ko man gyaɗa ka ke yi, ko yaji, ko kilishi, ko turare, ran gini ran zane. Zaɓi alama taka ta kanka, wadda ba ta kama da ta kowa. Kada ka ce bari in raɓu da ta wane don in yi saurin ciniki, ranar da ya farga kai za ka biya. Rubuta ranar da ka fara. Adana rasit da samfurin takardar naɗi ta kowace shekara. Da ka ga ciniki ya kankama, nemi rajista, ko kai kaɗai, ko ku haɗu a ƙungiyarku ta gama kai ku yi alama ɗaya da sunanta. In ka ga an kwaikwaye ka, kada ka tara 'yan'uwa ku je faɗa. Sayi kayan jabun, karɓi rasit, ka kai wa lauya. Kada kuma ka yi sakaci shekara da shekaru, don jinkiri yana raunana ƙara.

Kai kuma mai saye, ga inda zuwa aji zai yi maka rana. Jiya hoto kaɗai ka ke gani, yau kana iya haɗa baƙi. Juya kwali ka karanta sunan harafi harafi. Duba sunan wanda ya yi, da garin da aka yi. Idan ka ga harafin R cikin ɗan da'ira kusa da suna, ana nufin an yi wa alamar rajista, kuma laifi ne mutum ya nuna ya yi rajista alhali bai yi ba. Idan ka ga haruffa TM, mai kayan yana cewa ne wannan alamarsa ce, ko da bai yi rajista ba tukuna. In abin ci ne ko magani, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In kuɗin ya faɗi ƙwarai ba dalili, yi hattara, araha ba ta ado.

Mai sojan gona da jahilci ya ke cin abinci. Duk wanda ya iya karatu a gida ɗaya, ya rage masa kasuwa.

TAMBAYOYI

1. Mene ne alamar kaya? Kawo misali uku daga kasuwar garinku.
2. Su wa a ke cuta idan an kwaikwayi alamar wani?
3. Rajistar farko shekara nawa ta ke ɗauka? Sabuntawa fa?
4. Waɗanne abubuwa uku ne wanda bai yi rajista ba zai tabbatar wa alƙali?
5. Me ya sa kotu ta hana masu burodin Odus, alhali sunansu bai yi kama da De Facto ba?
6. Kowa ya zo aji gobe da kwali ko leda ɗaya daga gida, ya karanta wa 'yan'uwa sunan da ke jiki, ya kuma duba ko akwai harafin R.